Mahshin tattasai: ɗanyar shinkafa ake ɗurawa ko sai an tafasa ta?

Maman_Hanan_Jidda:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Don Allah masu hannu a girki ku agaza mini. Maƙwabciyata 'yar Masar ce, ƙofarmu na kallon tasu, ranar Juma'a ta aiko mana da mahshi, wato kayan lambu da ake ɗura wa shinkafa a dafa, faranti guda, rabi tattasai rabi kusa, 'yar kabewar nan mai kama da kokwamba. Tun daga ranar yaran nan ba su bar ni na sha ruwa ba. Na tambaye ta yadda take yi, amma kun san saurin bakin Misirawa, rabin maganar kawai na kama. Abin da na riƙe shi ne ɗanyar shinkafa take ɗurawa. Na yi haka, sai tattasan ya yi laushi har ya fara zubewa, shinkafar ciki kuwa garas-garas. Abban Hanan ya ci guda biyu ya ce a ɗumamo masa tuwon jiya. To da gaske ɗanya ake sawa, ko sai an fara tafasa ta? Kuma a tukunya ya fi ko a furun, wato oven?

Ummu_Khalid:
Wa alaikumus salam Maman Hanan. Kafin a yi nisa, wace shinkafa kika sa?

Maman_Hanan_Jidda:
Wadda muke kabsa, dafa-dukan Larabawa, da ita, basmati mazza.

Ummu_Khalid:
To ai ga inda gizo ya yi saƙa. Mazza turararriya ce tun daga kamfani, tana da tauri, an yi ta ne don ta warware a kabsa da mandi. Mahshi kuma shinkafar da za ta kama jikinta yake so. Ki je baƙala, shagon unguwa, ki ce a ba ki ruz masri, wato shinkafar Masar, gajeriyar nan mai ƙwaya kewayayya. Ita maƙwabciyar taki ba ta faɗa miki ba ne don a wurinsu idan aka ce shinkafa to ita ake nufi.

Hajiya_Ta_Misfala:
'Yata, Ummu Khalid ta faɗa miki gaskiya, amma ba shinkafar kaɗai ba ce. Bari in ba ki yadda nake yi tun zamanin da muke zaune kusa da wasu 'yan Sham, kafin a rushe unguwar.

Ki nemi tattasai kore matsakaici mai siririn baya, wanda zai iya zama da gindinsa. Manyan nan masu kauri ja da rawaya kyan ido gare su, amma cikinsu ya yi faɗi, romo ba ya kaiwa tsakiya. Ki yanke saman ki ajiye hular, ki ƙwaƙule 'ya'yan da farin jijiyar da ɗan cokali. Sai ki ɗauki cokali mai yatsu ki huda gindin kowanne sau biyu ko uku. Mutane da yawa ba sa yin wannan, alhali ta nan romo yake shiga.

Ga tattasai goma zuwa sha biyu, kofi 2 na ruz masri ya isa. Ki wanke, ki jiƙa minti 20, ki tsane. Ki soya albasa manya biyu da kika yanka ƙanana har ta yi laushi, ki sa tafarnuwa, ki zuba markaɗaɗɗen tumatir kamar guda huɗu da cokali 2 na tumatirin gwangwani, ki bar shi ya soyu har mai ya taso. Ki sauke, ya ɗan huce, sannan ki juye shinkafar a ciki ɗanya. Ki yanka ganyen bakdunis (parsley) da kuzbara (coriander) da shabat (dill) da yawa, kar ki yi rowarsu, ƙamshin da kika ji a na maƙwabciyarki shabat ne. Gishiri, masoro, kammun (cumin), dunƙule.

Wajen ɗurawa kar ki cika, ki bar kamar kashi ɗaya cikin huɗu, kuma kar ki danna da yatsa. Shinkafa za ta kumbura, in ba ta samu wuri ba sai ta dunƙule ta ƙi dahuwa. Ki shimfiɗa yankakken dankalin turawa ko tumatir a gindin tukunya, ki jera tattasan a tsaye suna jingine da juna, ki mayar musu da hulunansu. Romo mai zafi za ki zuba ta gefe, ya kai wajen kashi biyu cikin uku na tsayinsu. Idan ya tafasa ki rage wuta can ƙasa, ki rufe, minti 40 zuwa 45. In kin kashe kar ki buɗe nan take, ki bar shi a rufe minti 10.

Ɗanya ake sawa. Wanda ya tafasa shinkafa daban ya zuba a tattasai ai shinkafa da miya ya yi, ya dai sauya mata kwano.

Maman_Hanan_Jidda:
Allah ya saka da alheri Hajiya, Allah ya ƙara girma. Wallahi ni cika su na yi dam har ina dannawa, kuma ruwan sanyi na zuba.

Zee_Riyad:
Hajiya a yi mini afuwa, amma ni ban yarda sai ɗanya ba. Kullum sai na tafasa tawa ta yi rabin dahuwa, minti 7 ko 8, in haɗa da soyayyen nikakken nama, in ɗura, in sa a furun a kan digiri 180, in rufe da foyil rabin awa, in buɗe in barbaɗa cuku mozarella ya narke. Ban taɓa samun garas ba ko sau ɗaya. Kuma da basmati nake yi. Tattasan yana fitowa a tsaye da kalarsa, ba ya laɓewa kamar na tukunya.

Hajiya_Ta_Misfala:
Zee, wannan na Turawa ne kike ba mu. Yana da daɗi, jikokina suna so, amma ba shi yarinyar nan ta ci a gidan maƙwabta ba.

Zee_Riyad:
Haka ne Hajiya. Ni dai na ce ne wadda take tsoron asarar kayan miya ta fara da wannan.

Bint_MaiWurno:
Salam ya jama'a. Ni a Sudan aka haife ni, a can na girma, aure ne ya kawo ni Madina. Mu namu mahshin daban yake da na Misirawa. Nama ya fi yawa, shinkafar kaɗan ce kuma sai an ɗan tafasa ta. Ana soya naman da albasa da tafarnuwa, a haɗa, a ɗura a tattasai da dankali da kusa da baƙin yalo, sai a ɗan soya su a mai kafin a jera su cikin miyar tumatir mai kauri. Da burodi ake ci ko da kisra, siririyar wainar dawa, a gefe ga shatta, wato barkono, da aka dama da tunkuzar gyaɗa da lemun tsami. A gidanmu ba abincin kullum ba ne, sai biki ko an yi baƙi na kunya, a sa shi a tsakiyar tire. Saboda haka maganar a ce ba a tafasa shinkafa ko kaɗan, wannan a Masar da Sham ne. Mu muna tafasawa kuma ba wanda ya ce ba mahshi muka yi ba.

Ummu_Khalid:
Bint Mai Wurno kin tuna mini, na taɓa cin irin naku a walima a Hindawiyya. Maiƙo dai kam akwai shi, amma daɗi ba a magana. Ya mutanen gida, ana jin labarinsu?

Bint_MaiWurno:
Alhamdu lillahi Anti. Tun da yaƙin nan ya ɓarke a 2023 ba a zauna daidai ba, wasu sun watse, amma muna gaisawa idan an samu layi. A ci gaba da sa mu a addu'a.

Hajiya_Ta_Misfala:
Allah ya kawo ƙarshen fitinar, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Maman_Hanan_Jidda:
Amin ya Allah.

Abu_Sadiq_Madina:
Ku yi haƙuri iyayenmu mata, na shigo muku zance. Sana'ata ce, a kicin ɗin gidan abinci nake aiki, kuma lokacin azumi muna yin mahshi tukunya-tukunya. Abin da zan ƙara shi ne duka hanyoyin biyu suna aiki, amma kowace da ƙa'idarta, matsala tana zuwa ne idan aka gauraya su. Ɗanyar shinkafa sai da romo mai yawa da murfi mai kamawa, domin ruwa da tururi ne suke dafa ta. Idan kika sa ɗanya a furun babu isasshen romo, sama zai ƙone tsakiya na nan yadda take. Idan kuma kika tafasa ta sannan kika nutsar da ita a romo minti 45, caɓewa za ta yi.

Abu na biyu, wuta. Abin da Maman Hanan ta kwatanta, tattasai ya zube shinkafa ba ta dahu ba, alamar wuta ce ta yi yawa. Tafasa mai ƙarfi tana dukan bayan tattasan, ruwa ya ƙone da wuri, zafin bai gama shiga ciki ba. Mu da zarar ya tafasa muke ɗora tukunyar a kan faifan ƙarfe, wuta kamar za ta mutu. Kuma kar a riƙa buɗe murfi ana leƙawa.

Na uku, a ɗanɗana haɗin kafin a ɗura, a ji gishirin ya ɗan fi na miya. Shinkafa tana shanye shi.

Zee_Riyad:
Yawwa Malam, ka raba gardama.

Hajiya_Ta_Misfala:
Bai raba komai ba, cewa ya yi kowa da hanyarsa. Abu Sadiq, a gidan abincin naku wacce kuke yi?

Abu_Sadiq_Madina:
Ɗanya, Hajiya.

Hajiya_Ta_Misfala:
To.

Inna_Rabi:
Ni kam da za ku ji tawa, ɗan ruwan kanwa kaɗan a cikin romon zai sa shinkafar ta yi laushi da wuri, ya kuma kashe tsamin tumatir. Haka muke yi wa wake.

Ummu_Khalid:
Inna don girman Allah kar ki sa ta zuba kanwa! Tattasan da yake zubewa tun babu kanwa, in aka sa ai sai dai a sha da cokali. Ga shi za ta baƙanta romon. Kuma ɗan tsamin nan ana son sa a mahshi, 'yan Sham har lemun tsami da dibis rumman, kakkauran ruwan rumman, suke ƙarawa da gangan.

Inna_Rabi:
To ni dai na faɗi abin da na sani. Ban taɓa dafa abin ba ma, a hoto nake gani.

Fa'iza_Taif:
Inna ba ki yi laifi ba. In tumatir ne ya cika tsami, ɗan sukari a bakin cokali ya wadatar.

Dije_Sabil:
Tunda an zo maganar kayanmu na gida, ni fa ina sa daddawa a nawa. Kaɗan, dakakkiya, a cikin soyayyen tumatirin. Da attaruhu guda ɗaya. In ban sa ba maigidana cewa yake abincin asibiti na ba shi. Tattasan nan na ƙasar nan ba shi da yaji ko ɗis, ba kamar namu na 'Yan Kaba ba da za ki ji ɗan zafi-zafi a harshe.

Fa'iza_Taif:
Daddawa da shabat a tukunya ɗaya? Anti Dije anya kuwa? Kowannensu fa mai son mulki ne.

Dije_Sabil:
In zan sa daddawa ba na sa shabat, kuzbara kawai. Ki gwada kafin ki yi musu.

Ummu_Khalid:
Attaruhu na yarda, ni ma ina jefa ɗaya a romo ba tare da na fasa shi ba, in an gama in cire. Daddawa kuwa a bar wa miyar kuka kayanta.

Abu_Sadiq_Madina:
Ni a gida abin da nake yi, in an sauke sai a barbaɗa yajin tsire a kai. Wani abokin aikina ɗan Yaman ya ɗanɗana, tun daga nan kullum sai ya tambaye ni ko an kawo mini yaji daga gida. Mutanen Makka da Jidda ai sun riga sun san shi ta wajen masu sire, wato tsire.

Maman_Hanan_Jidda:
Wannan shawarar ta yi mini, ko Abban Hanan zai daina neman tuwo. Amma nama fa? Hajiya ba ta ambaci nama ba, Zee da Bint Mai Wurno kuma sun sa.

Hajiya_Ta_Misfala:
Misirawa sau da yawa ba sa sa nama a ciki, romon kaza ko na nama suke dafawa da shi, naman a ci a gefe. 'Yan Sham su ne suke haɗa nikakken nama ɗanye da shinkafar. In za ki sa, kwata kilo ya ishi kofi 2, kuma ki ce wa mai nama ya niƙa miki da ɗan kitse. Jan nama zalla yana bushewa ya dunƙule.

Nurse_Hauwa:
In ƙara a kan maganar Hajiya. Idan ɗanyen nikakken nama aka sa, a tabbata tsakiyar ta dahu sosai, a fasa guda ɗaya mafi girma a duba, kar a ga ja. Nikakken nama ba kamar tsoka ba ne, niƙan yana kai ƙwayoyin cuta har ciki, shi ya sa ake so zafin tsakiyarsa ya kai digiri 71. Sannan abin da ya rage kar a bar shi a kan murhu ya kwana, musamman da zafin Jidda. Dafaffiyar shinkafa in ta daɗe a waje tana iya ɓata ciki ko da an sake ɗumama ta. Ya huce a sa a firji cikin awa biyu.

Dije_Sabil:
A gidana ba ya kai awa biyu ma.

Baban_Amira:
Ina biye da ku tun ɗazu. Tambaya nake da ita, shin wannan abinci asalinsa na Larabawa ne? Na ga wani ɗan Turkiyya a wurin aikinmu yana cewa nasu ne.

Malam_Sani_Jamia:
Baban Amira, kowa yana da ɗan rabonsa. Cusa shinkafa da nama a cikin ganye ko kayan lambu ya yaɗu sosai a ƙasashen da Daular Usmaniyya ta mulka, shi ya sa za ka same shi a Turkiyya da Girka da Iraƙi da Sham da Masar, kowa da salonsa. Ita kanta Hijaz tana ƙarƙashinsu har zuwa 1916, ga kuma alhazai da suke zuwa daga ko'ina su zauna, kamar yadda kakanninmu suka zo. Shi tattasan kuwa ba na kowa ba ne a cikinsu. Shi da barkono da tumatir duk daga nahiyar Amurka suka fito, ba su ƙetaro ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492. Kafin nan da yalo da ganyen inabi da makamantansu ake yi.

Baban_Amira:
Ikon Allah. Wato miyar dage-dagen ma baƙuwa ce.

Inna_Rabi:
Malam a bar mu da tarihi, yarinya na jira ta ɗora tukunya.

Zee_Riyad:
Wai ni kaɗai ce nake ganin tsadar masu kalar nan? Ja da rawaya kullum sun fi kore kuɗi, wani lokaci nesa ba kusa ba.

Fa'iza_Taif:
Dalili shi ne koren bai nuna ba aka tsinke shi. Jan ya daɗe a jikin uwarsa, an ƙara masa ruwa da kulawa, shi ya sa ya fi zaƙi ya fi tsada. Mu nan Ɗa'if da sauƙi tunda gonaki na kusa. Amma ga mahshin tukunya koren ma ya fi, ɗan ɗacinsa yana tafiya da tumatir, kuma ya fi jure wuta. Jan saurin laushi gare shi.

Ummu_Khalid:
Maman Hanan tunda a Jidda kike, ki sa Abban Hanan ya kai ki halaka, babbar kasuwar kayan gwari, da sassafe ki ɗauki kwali guda, ya fi sayen na leda a manyan kantuna. Kuma a can za ki zaɓa da hannunki, ki ɗauki masu girma ɗaya. In wani babba wani ƙarami ba za su dahu tare ba.

Hajiya_Ta_Misfala:
Mu a Makka kasuwar Ka'akiyya muke zuwa. In kin sayi kwali, ki ƙwaƙule duka rana ɗaya, wanda ba za ki dafa ba ki yanka ki sa a firiza don miya. Hulunan da suka karye ma kar ki zubar, ki yayyanka su cikin haɗin.

Maman_Sultan:
Ni matsalata daban ce. Surukata tana zaune da mu, tana da ciwon sukari, likita ya ce ta rage farar shinkafa. Ga shi tana son abin. Akwai abin da za a sa a madadin ruz masri?

Nurse_Hauwa:
Burgul mai manyan ƙwaya yana yi, alkama ce, kuma ya fi farar shinkafa harza. Amma shi ma abinci ne mai sitaci, ba a ce ta ci ba iyaka ba. Ki yawaita nama da ganye a haɗin, ki rage hatsin, kuma ta ci gaba da bin abin da likitanta ya tsara mata.

Bint_MaiWurno:
Irin namu na Sudan zai fi dacewa da ita ke nan, tunda nama ne ya fi yawa. Sai dai ki bar soyawar, ki jera su kai tsaye a miya.

Dije_Sabil:
Ko acca, in kina da mai kawo miki daga gida. Na taɓa yi da ita. Sai dai ita ba ta son ruwa da yawa, kuma minti kaɗan take dahuwa, don haka sai kin fara turara tattasan shi kaɗai ya ɗan yi laushi. Har dambun shinkafa da zogale na taɓa ɗurawa da ya rage mana, na sa a furun. Yaran suka cinye, su da ba sa kallon dambu.

Hajiya_Ta_Misfala:
Dije ke dai ba abin da ba za ki cusa wa tattasai ba. Saura ɗanwake.

Dije_Sabil:
Hajiya kar ki ba ni shawara!

Maman_Sultan:
Na gode ƙwarai. Amma wallahi maganar Anti Dije ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Yaran da aka haifa a nan, in ka ce tuwo sai su ɓata rai, amma kabsa da mahshi da shawarma har rige-rige suke. Wani lokaci sai in ga kamar mu ne muke taya su mantawa.

Ummu_Khalid:
Ba mantawa ba ce Maman Sultan. Yaro abin da yake gani a makaranta da gidan maƙwabta shi yake so. Nawa babban sai da ya kai shekarun jami'a sannan ya fara neman miyar kuka da kansa. Ni dai ranar Juma'a tuwo ne a gidana, mai so ya ci, wanda ba ya so ga burodi.

Baban_Amira:
Mu maza dai a taimaka a riƙa haɗa mana da tuwon ko ƙwallo ɗaya ne. Tattasai uku ba sa kai mutum la'asar.

Zee_Riyad:
Baban Amira ai ba shi kaɗai ake ajiyewa ba. Ana haɗawa da kaza da salak da zabadi, wato yogot.

Maman_Hanan_Jidda:
Jama'a na dawo. Na aiki Hanan baƙala ta kawo ruz masri, kuma na sake tare maƙwabciyar tawa, wannan karon na ce ta yi magana a hankali. Ta ce ita ba ta jiƙa shinkafar ma, wankewa kawai take, amma tana juya ta a cikin soyayyen tumatirin a kan wuta kamar minti 2 kafin ta sauke. To Hajiya ta ce a jiƙa kuma a sauke tukuna. Wanne zan bi?

Hajiya_Ta_Misfala:
Ita hannunta ya saba, ta san wutarta. Ke da kike koyo ki jiƙa, ba abin da zai rage miki.

Abu_Sadiq_Madina:
Mu ma ba ma jiƙawa, amma tukunyarmu mai kauri ce. In taki marar nauyi ce, bi maganar Hajiya. Sai dai kar ya wuce rabin awa a ruwa, ruz masri in ya jiƙu da yawa farfashewa yake wajen juyawa.

Zee_Riyad:
Kun ga ni? Juyawa a wuta minti 2 ai ɗan uwan tafasawa ne. Ita ma 'yar Masar ɗin ba ɗanya shar take sawa ba.

Hajiya_Ta_Misfala:
Zee, minti 2 a cikin mai ba dahuwa ba ce. Ki ɗauki ƙwaya ɗaya ki tauna ki gani.

Bint_MaiWurno:
Maman Hanan ki raba tattasan biyu mana. Shida a tukunya irin na Hajiya, shida a furun irin na Zee, ki ajiye wa Abban Hanan ba tare da kin faɗa masa wanne ne wanne ba.

Maman_Hanan_Jidda:
Furun ɗina wutar sama kawai yake kamawa, ta ƙasan ta daina aiki tun kafin Hajji. Sai dai in yi na tukunyar yau. Abu ɗaya ya rage, tukunyata mai faɗi ce, tattasai goma ba za su cika ta ba, faɗuwa za su yi in ya fara tafasa.

Ummu_Khalid:
Ki cike gurbin da dankali, ki fere ki raba biyu ki soka a tsakaninsu. Shi ma yana shan romon, yara har faɗa suke a kansa.

Fa'iza_Taif:
Ko ki ƙara da kusa tunda yaran sun ci a na maƙwabciya. Amma ita sai da abin ƙwaƙulewa na musamman, siririn nan mai tsawo, ana samu a shagunan abu-riyalain, na kaya masu araha.

Inna_Rabi:
In kin gama ki turo mana hoto, har da wanda kika fasa mu ga cikinsa.

Dije_Sabil:
Kuma ki ware guda biyu ki sa musu daddawa, ki huda hularsu da tsinken sakace don ki gane su.

Ummu_Khalid:
A tukunya ɗaya? Dije ai duk romon zai ɗauka.

Maman_Sultan:
Nurse Hauwa, burgul ɗin shi ma ɗanye zan ɗura ko sai na jiƙa shi da ruwan zafi?